Ina zuwa lakca, amma hankalina ba ya zama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin halittu. Ba na fashin lakca, amma da malami ya yi kamar minti 15 yana magana sai in nemi hankalina in rasa. Ina rubuta duk abin da na iya kamawa, in na koma ɗaki na buɗe littafin sai ka ce wani ne ya rubuta. An ce in riƙa karatu kafin lakca. Na gwada, na kwashe awa uku a kan babi ɗaya har ƙarfe ɗaya na dare, washegari na yi ta gyangyaɗi a aji, sai na daina. Lakcocina huɗu ne zuwa biyar a rana. Ƙwaƙwalwata ce ba ta ja, ko akwai yadda ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Ƙwaƙwalwarki lafiyarta lau. Wanda ya ce ki yi karatu kafin lakca gaskiya ya faɗa miki, sai dai rabinta ya faɗa. Bai gaya miki wane irin karatu ba, ke kuma kika ɗauka ana nufin ki cinye babin tas kafin malami ya shigo. Aikin malamin kika ɗora wa kanki ke nan, da tsakar dare, ba mai yi miki bayani. Abin da ake buƙata bai kai haka ba ko kusa, kuma bai kamata ya ci miki fiye da minti 25 ba.

Gara ki fara sanin abin da ke korar hankalin, don ki san me kike shiryawa. Abin da mutum ke iya riƙewa a ransa a lokaci guda yana jujjuyawa ɗan kaɗan ne. Masanin halayyar ɗan Adam George Miller a 1956 ya ƙiyasta abu bakwai, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. Wani masanin, Nelson Cowan, a 2001 ya ce abin ya fi kusa da huɗu. To duba abin da ke faruwa a aji. Malami ya ambaci kalmar da ba ki taɓa ji ba, kin tsaya kina tunanin yadda ake rubuta ta, gurbi ɗaya cikin huɗun nan ya tafi. Kafin ki gama ya jefo ta biyu da ta uku, ya nuna zane, ya wuce. Hannu kuma ba ya kamo baki: mai magana yana furta kalma sama da 100 a minti, mai rubutu da biro da ƙyar yake kai 30. Nan da nan guraben sun cika da baƙin kalmomi, ma'ana ta rasa wurin zama. Da zaren ya tsinke, hankali ba ya tsayawa inda ba ya gane komai, sai ya tafi yawonsa. Hannun ne kawai ya rage yana aiki, shi ya sa kike ganin rubutun kamar na wani.

Akwai wani gwaji da John Bransford da Marcia Johnson suka yi a Amurka a 1972 wanda ya dace da matsalarki. Sun karanta wa mutane wani ɗan bayani da ke cewa a fara rarraba kayan kashi-kashi, kada a yi da yawa a lokaci ɗaya, in an gama a mayar da kowanne wurinsa, da makamantan haka. Ba kalma mai wuya ko ɗaya a ciki, amma ba a faɗi a kan me ake magana ba. Wasu an gaya musu tun kafin su saurara cewa batun wankin tufafi ne, wasu sai bayan sun gama saurare, wasu ba a gaya musu ba sam. Waɗanda aka gaya wa tun farko sun fi fahimta kuma sun fi tunawa. Abin lura shi ne waɗanda aka gaya wa daga baya: ba su fi waɗanda ba a gaya wa komai ba. Maganar ta riga ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu tun lokacin da babu inda za a rataye ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin da za ki yi kafin lakca ƙusoshi ne kike kafawa a bango, don in malami ya miƙo magana ki samu inda za ki rataye ta.

Yanzu yadda ake yi. Da yammacin ranar da ta gabaci lakca, ki zauna da abu uku: jadawalin darussan kwas ɗin, littafin da malami ya ce a karanta ko takardun da ya raba, da littafin rubutunki. Ki saita agogo a minti 25. Agogon nan ba ado ba ne, shi zai hana ki komawa ramin awa uku.

Minti biyar na farko na lakcar da ta wuce ne. Kada ki buɗe rubutun tukuna. Ki ɗauki takarda ki rubuta da ka duk abin da kika tuna, ko layi uku ne, sannan ki buɗe ki ga abin da kika tsallake. Dalili biyu ne. Malami kan ɗora ne daga inda ya tsaya, kuma yakan ɗauka kowa na riƙe da na baya. Sannan mantuwa ta fi gudu a farko-farko. Hermann Ebbinghaus ya nuna haka a Jamus tun 1885, cewa mafi yawan abin da zai zube yana zubewa ne cikin awoyin farko da kwanan farko, daga nan sai ya lafa. Ƙoƙarin tunowa da ka ya fi sake karantawa kafa abu a rai, duk da ya fi wahala kuma ba shi da daɗi.

Minti takwas na gaba na leƙen babin ne, kuma nan ne yawancin ɗalibai ke ɓata. Leƙe muka ce. Ki karanta kan babin, da ƙananan kanun da ke ciki, da taƙaitawar da ke ƙarshe in akwai, da jimlar farko ta kowane sashe. Ki tsaya a kan zane-zane da jadawaloli fiye da yadda kika tsaya a kan rubutu, domin malamin kimiyya kusan kullum a kan zane yake gina lakcarsa. Mu ɗauka gobe za a yi ƙoda. Kin buɗe, kin ga zanen wani siririn bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe, an rubuta nefron a ƙarƙashinsa. Ki sa yatsa ki bi shi daga kai: ga dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini inda ake tacewa, ga bututun farko, ga wani dogon madauki da ya gangara ya sake hawowa, ga bututun ƙarshe, ga inda ake tattarawa. Kanun babin sun nuna miki matakai uku: tacewa, sake tsotsewa, fitarwa. Ba ki san yadda kowannensu ke aiki ba, kuma ba a ce ki sani ba. Kin dai san tafiyar zango nawa ce da wanda ke gaban wani. Gobe in malami ya ce mun iso madauki, kin san inda kuke.

In kika ci karo da sakin layin da ya cije, ki yi masa alama da fensir ki wuce. Za ki ji kamar kina cutar kanki. Ba haka ba ne, wurin da ya cije ɗin shi ne dalilin zuwa aji.

Minti bakwai na kalmomi ne. Ki tsamo baƙin kalmomi biyar zuwa takwas, waɗanda aka rubuta da baƙin rubutu mai kauri ko waɗanda kika ga suna ta maimaituwa. Kowacce ki rubuta mata ma'ana a layi ɗaya da harshenki, ko da Hausa ne ma. Kada ki kwafi ma'anar littafi kalma da kalma, don za ki iya kwafe layi uku ba tare da ko ɗaya ya taɓa ƙwaƙwalwarki ba. Sannan ki furta kalmar da baki sau biyu ko uku. Ana raina wannan, amma kalmar da ido kawai ya sani kunne ba ya gane ta in ta fito daga bakin malami, musamman doguwa irin gilomerulus, wato sunan dunƙulen jijiyoyin nan da ke tacewa. A nan ne kuma za ki ƙirƙiri gajeren rubutunta, ki ce G ita ce gilomerulus, N nefron, don gobe hannu ya huta. In kalmomin sun haura goma ki ɗauki takwas ki bar sauran.

Minti biyar na ƙarshe su ne gishirin abin: tambayoyi. Ki rubuta uku, a gefen hagu na sabon shafin da za ki yi rubutun gobe a kai. Tambaya tana da kyakkyawa da maras amfani. Mece ce ƙoda, wannan ba tambaya ba ce, kan babi ne kika sa wa alamar tambaya. Kyakkyawa ita ce wadda ta fito daga abin da ya ɗaure miki kai. A leƙenki kin ga an ce ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwa a rana, alhali fitsarin da mutum ke yi bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. To ina sauran ya tafi, kuma a wane ɓangaren bututun? Ga tambaya. Ta biyu: me ya sa madaukin ya gangara ya sake hawowa, me zai faru da a miƙe yake? Ta uku: in mutum ya wuni bai sha ruwa ba, ta yaya ƙoda ke sanin ta rage fitsari? Ƙarƙashin kowacce ki rubuta hasashenki da fensir, ko da kin tabbata ba daidai ba ne. Binciken da Lindsey Richland da Nate Kornell da Liche Kao suka wallafa a 2009 ya nuna cewa ɗaliban da aka sa su gwada amsa tambayoyi kafin karatu, duk da yawancin amsoshinsu kuskure ne, sun fi tuna abin daga baya a kan waɗanda aka ƙara wa lokacin karatu kawai. Sharaɗin shi ne amsar gaskiya ta biyo baya. A wajenki lakcar ce za ta kawo ta. Gobe da malami ya ce kusan kashi 99 cikin 100 na ruwan nan ana mayar da shi jini, kuma kusan kashi biyu cikin uku tun a bututun farko, za ki ji abin ya faɗa gurbinsa, domin tun jiya kike jiransa. Mai jiran amsa ba ya gyangyaɗi da wuri.

Tsarin shafin da muka ambata, na ja layi a bar kusan kashi ɗaya cikin uku a hagu don tambayoyi da manyan kalmomi, dama don rubutun aji, ƙasa kuma a bar layi biyar ko shida don taƙaitawa, shi ne wanda Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya fito da shi a shekarun 1950. Ki ja layukan tun da dare, ki sa kwanan wata da kan darasi.

Za ki ce lakca biyar a rana, minti 25 sau biyar ya haura awa biyu. Haka ne, kuma ba mu ce ki yi wa duka ba. Ki zaɓi kwas biyu da kika fi ɓacewa a cikinsu, su ne za su samu cikakken shiri. Sauran minti biyar-biyar ya ishe su: duba kan darasin gobe, leƙa rubutun da ya wuce, rubuta tambaya ɗaya. Duka bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. In ranar ta cushe, ko minti goma a bakin aji kafin malami ya shigo ya fi babu, kuma a irin wannan matsin kalmomi da zane za ki ba fifiko.

Kwas mai lissafi, irin kimiyyar sinadarai ko ƙididdiga, shirinsa ya ɗan bambanta. Leƙen kanu ba ya yi masa komai sosai. Ki nemi misali ɗaya da aka warware a littafi, ki rufe amsar da takarda, ki riƙa zame ta layi-layi kina ƙoƙarin faɗin matakin da ke biye kafin ki gani. Inda kika kasa gane yadda aka tsallaka daga wannan layi zuwa wancan, nan ce tambayarki. Sau da yawa za ki tarar ba sabon darasin ne ya kayar da ke ba, wani tsohon abu ne, kamar logaridim ko sauya ma'auni, wanda malami ba zai tsaya maimaitawa ba. Shi za ki gyara a daren. Ki kuma rubuta abin da kowane harafi a ƙa'idar yake wakilta da ma'auninsa.

Wani lokaci malami ba ya raba komai kafin lakca, ba ya ma bin jadawalin. In haka ne, ki tare shi a ƙarshen darasi ki ce, Malam, me za mu shiga a zama na gaba? Kaɗan ne malamin da zai ƙi amsa wannan. In bai samu ba, ki ari rubutun 'yan ajin da ke gabanku ki ga jerin da ya bi bara, ko ki bi jerin babukan littafin. In kuma kin shirya wa ƙoda ya shigo ya yi hanta, ba ki yi asara ba, shafinki na nan yana jiran ranarsa.

Akwai tarko biyu da muke yawan gani. Na farko shafa wa littafi alƙalami mai launi. Yana ba mutum jin ya yi aiki, shafi ya yi kyau, amma ido ne ya wuce a kai kawai. Na biyu ya fi haɗari, kuma masu ƙoƙari yake kamawa: kin leƙa babi, gobe malami ya fara, komai ya yi miki kama da abin da kika sani, sai ki ce ai na san wannan, ki saki jiki. Gane fuskar abu daban, iya bayaninsa daban. Maganinsa tambayoyin nan uku. Muddin ba ki rubuta amsarsu a dama ba, ba ki gama da lakcar ba. Haka nan in an raba muku silaid tun kafin aji, kada ki sake kwafe abin da ke kansa. Ki sa wa kowane silaid lamba, ki rubuta abin da malami ya ƙara da baki kusa da lambar: misalinsa, dalilinsa, da inda ya ce a kula. Abin da ya faɗa wanda ba ya kan allo shi ne wanda ba za ki samu a ko'ina ba.

Batun daren nan da kika kai ƙarfe ɗaya, kada ki sake. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Duk shirin da zai ci barcinki ya ci ribarsa. In abu biyun suka yi karo, ki rufe littafi ki kwanta.

Da safe ki isa aji da minti goma a hannu, kada ki shiga da yunwa ko ƙishi. Ki zauna inda kike ganin allo da fuskar malami ba tare da miƙa wuya ba, nesa da ƙofa da taga, nesa kuma da ƙawar da ba ta iya shiru. Waya ki kashe mata sauti ki jefa cikin jaka. Kife ta a kan tebur bai isa ba, ido zai yi ta komawa. Ki lura da na gabanki ma. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2013 ya gano cewa ɗaliban da ke hango kwamfutar wani yana wasu harkoki a lokacin lakca sun samu maki ƙasa da waɗanda ba sa hangowa, alhali su ba su taɓa komai ba. Minti biyun ƙarshe kafin a fara, ki karanta tambayoyinki da kalmominki sau ɗaya.

Duk da wannan hankalinki zai fita, na kowa yana fita. Bambancin shi ne yadda ake dawowa. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya ana ƙoƙarin gano abin da ya wuce, a leƙa littafin maƙwabciya, a yi raɗa, kafin a ankara an ƙara rasa wasu minti uku. Ke dai da kin farga, ki ja gajeren layi, ki sa alamar tambaya, ki bar layi huɗu fari, ki kama daga jimlar da malami ke faɗa yanzu. Gurbin za ki cike shi bayan an tashi. Ki kuma riƙa yin ɗan ɗigo a saman shafi duk lokacin da kika kama kanki kin tafi. A makon farko ƙila ki ƙirga goma ko fiye a lakca ɗaya, kada ya dame ki. Amfanin ɗigon shi ne ki ga a ina suke taruwa. In sun taru wajen baƙin kalmomi, ki ƙara wa kalmomi lokaci a shirinki. In a lakcar bayan azahar suke taruwa ko wane darasi ne, matsalar gajiya ce, sai ki duba barci. In kuma a kwas ɗaya ne kawai, akwai tushen da ya ɓace miki a baya, ki neme shi.

Kafin ki kwanta a ranar, ki ba shafin minti goma. Ki rufe ɓangaren dama, ki amsa tambayoyin hagu da baki, ki goge hasashen da ya zama kuskure ki rubuta daidai, ki cike guraben da kika bari, sannan ki taƙaita lakcar a layukan ƙasa. Tambayar da malami bai taɓo ba ki kai masa, ko ki yi ta a farkon zama na gaba. Matambayi ba ya ɓata. Wannan minti goman shi ne zai sa minti biyar na farkon shiri na gaba ya zo miki da sauƙi.

Ki gwada haka mako uku a kan kwas biyun kafin ki yanke hukunci, kina kwatanta yawan ɗigon makon farko da na uku. In kin yi, barcinki ya cika, amma har yanzu rubutun allo na yi miki dishi-dishi, ko maganar malami na zuwa miki a dagule ko kina gaba, ko kina jin kasala da jiri kullum, ko wata damuwa ce ta tsaya miki a rai har ba ki iya karatu ko a ɗaki, to ki je asibiti a duba idonki da kunnenki da jininki, ki kuma faɗa wa likita batun damuwar da rashin natsuwar kamar yadda kika faɗa mana.